Mai faffaɗan goshi ko mai tsini: wane ƙaramin jirgin iska za ka ƙera da hannunka?

Wanda ya saba ganin kwale-kwale ya san jirgin ruwa da tsini a gaba. Idan aka nuna masa sikau, wato jirgin da goshinsa faffaɗa ne kusan kamar bayansa, ƙasansa kuma a shimfiɗe, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne wannan ba zai yi gudu ba. Amma a tafkunan Minnesota da Wisconsin na Amurka an haura shekara 120 ana tsere da irinsa, kuma babbansu, A-Scow mai tsawon ƙafa 38, yana cikin jiragen iska, wato jiragen ruwa da iska ke turawa, masu ganga (gangar jiki) ɗaya da suka fi gudu a ruwan tafki. Wani Bafaranshe, David Raison, ya zana jirgi mai dunƙulen goshi, tsawonsa mita 6.5 kacal, ya tuƙa shi da kansa ya lashe tseren Mini Transat na 2011, daga La Rochelle ta Faransa zuwa Salvador ta Barazil. Tun daga nan masu zanen jiragen tsere suka dawo suna kallon faffaɗan goshi da wani ido.

Wannan rubutu na wanda ya ƙudura zai ƙera ƙaramin jirgi ne a tsakar gida, da katakon filawud da gam da zarto, jirgin da ba shi da inji sai ƙyallen da iska ke turawa. Hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai sikau mai siffar akwati, irin Oz Goose na Michael Storer ɗan Ostireliya, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 4 da ɗan abin da ya hau. Akwai sikau na tsere mai lanƙwasassun sassa, irin Fireball da Peter Milne ya zana a Ingila a 1962, ko Y-Flyer na Amurka mai ƙafa 18. Akwai kuma mai tsinin gaba, kuma a nan na ɗauki Goat Island Skiff mai ƙafa 15 da rabi, don shi ma Storer ne ya zana shi, kwatancen zai fi yin adalci. Ra'ayina tun yanzu: ga wanda wannan ne jirginsa na farko, kuma ruwansa tafki ne ko dam mai kwanciya, mai siffar akwatin ya fi. Amma akwai ruwan da zan ce masa kada ya kuskura ya kai shi, kuma dalilin yana cikin yadda jirgin ke aiki.

Abin da ke sa sikau gudu

Ƙyallen iska yana tura jirgi gaba, yana kuma ƙoƙarin kwantar da shi gefe. Ƙaramin jirgi ba shi da dalma a ƙasa da za ta miƙar da shi, nauyin matuƙi da faɗin gangar jirgi su ne ke ja da iska. Jirgi mai tsini faɗinsa a tsakiya yake da baya, gaba kuwa duk ya tsuke. Sikau faɗinsa kusan ɗaya ne daga goshi har baya, don haka a tsawo guda ya fi ƙin karkata, ya fi kuma iya ɗaukar babban ƙyalle. Oz Goose yana ɗaukar ƙyalle mai murabba'in ƙafa 89, wanda ya yi yawa ƙwarai ga jirgi mai ƙafa 12. Goat Island Skiff, da ya fi shi tsawo da ƙafa uku da rabi, 105 yake ɗauka.

Abu na biyu ya fi wannan ban sha'awa. Idan jirgi mai tsinin gaba da faɗin baya ya karkata, bayansa mai cika yakan ɗaga, hancinsa ya nutsa, sashen da ke cikin ruwa ya zama karkatacce, sai jirgin ya riƙa neman juyawa ya fuskanci iska. Matuƙi ya dinga jan allon tuƙi, wato allon baya da ake juya jirgi da shi, don ya miƙar da shi, kuma duk jan nan birki ne. Sikau in ya karkata, gefe ɗaya yakan fita daga ruwa gaba ɗaya, ɗaya gefen ya rage a ciki, dogo, siriri, a miƙe daidai da inda aka nufa, kamar kwale-kwale. Shi ya sa matuƙan sikau na Amurka da gangan suke karkatar da jirginsu ko da iska ba ta da ƙarfi. Shi ya sa kuma manyansu, A-Scow da E-Scow, suke da allon ƙasa biyu, wato allunan da ke hana jirgi zamewa gefe, da allon tuƙi biyu, an kafa kowanne a ɗan jirkice, domin in jirgi ya kishingiɗa na ɓangaren da ke cikin ruwa ya tsaya cak.

Na uku shi ne sulɓi. Jirgin da ke ture ruwa yana ratsawa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa: mai ƙafa 12 ba zai wuce kusan kilomita 8 da rabi a awa ba, mai ƙafa 15 da rabi bai cika 10 ba. Hanyar tsallake wannan iyaka ita ce jirgin ya hau saman ruwa yana zamiya, kamar faifan dutsen da yara ke jefawa a tafki. Faffaɗan ƙasa mai sauƙin nauyi shi ya fi saurin hawa. Da iska ta buso daga gefe ko daga baya, akwatin nan da aka raina sai ya ɗaga goshi ya ninka gudunsa.

Inda yake shan wuya

Igiyar ruwa. Tsini yana tsaga igiya, faffaɗan goshi kuwa dukanta yake yi. Idan kana hawa wajen da iska ke fitowa, igiyoyi gajeru masu tsayi suna zuwa a jere, kowace za ta mari ƙasan jirgin, jikinsa ya girgiza, gudu ya ragu, ruwa ya fantsamo maka a fuska. Ana rage wannan ta hanyar karkatar da jirgin don kusurwar gefensa ta zama ita ce ke yanka ruwa, kuma dabarar tana aiki, amma tana da iyaka. Ba banza ba sikau ya yi gida a White Bear Lake ta Minnesota, inda J.O. Johnson, ɗan asalin Norwe, ya kafa masaƙerarsa a 1896, da kuma yankin Lake Geneva na Wisconsin inda iyalan Melges suke ƙera su. Tafkuna ne da ƙasa ta kewaye, iska tana samuwa amma ba ta da filin da za ta tara igiya.

Ina so a lura da wannan sosai, domin nan ne mutane ke ruɗuwa. Nasarar Raison a teku ba hujja ba ce cewa akwatin filawud zai iya teku. Goshin jirginsa dunƙulalle ne, an lanƙwasa shi ta kowace fuska an ɗaga shi sama da ruwa, akwai nauyi a ƙarƙashin jirgin da ke miƙar da shi, kuma yawancin tseren iska daga baya take. Dangantakarsa da Oz Goose ta tunani ce kawai.

Girman igiya ya dogara da ƙarfin iska da kuma nisan da ta yi tana gudu a kan ruwa. Saboda haka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, je ka tsaya a bakin ruwan da za ka riƙa shiga, a ɓangaren da iska ke ƙarewa, ranar da take kaɗawa sosai. In igiyar ba ta wuce gwiwa ba, sikau zai ji daɗi. In tana kai ƙugu tana farin kumfa, mai tsini kake bukata, ko ma jirgin da ya fi duka ukun girma. Wanda ke tunanin buɗaɗɗen tafkin Kainji, da tsawonsa ya haura kilomita 100, lissafinsa daban yake da na wanda ke da ƙaramin dam ko wani lungu da tudu ya kare. Hadarin damina kuma da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi cikin 'yan mintoci, babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya kamata ya tarar da shi a tsakiyar ruwa. Ƙarfin da iska ke sa wa ƙyalle yana ninkuwa huɗu ne duk sa'ad da gudunta ya ninka biyu.

Akwai wani rauni ƙarami. Idan iska ta kwanta, sikau da ke zaune daram yana jan faffaɗan ƙasansa duka a ruwa, sai ya yi nauyin tafiya. Matuƙi ya matsa gefe ya karkatar da shi, matsalar ta ragu. Mai tsini ya fi shi santsi a irin wannan rana, ya kuma fi daɗin tuƙawa da filafili in iskar ta ɗauke gaba ɗaya.

Aikin ƙira

A nan ne tazarar take da faɗi. Filawud yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya cikin sauƙi, amma ba ya son a murɗa shi ta fuska biyu. Sikau mai siffar akwati ya bi halin katakon: gefunansa a miƙe suke, a tsaye, lanƙwasa ɗaya ce tak a jikinsa, ta ƙasan jirgi daga gaba zuwa baya. Kusurwoyinsa yawanci sukwaya ne. Kafintan da ya iya haɗa kabad zai gane aikin da kallo ɗaya. Ba a bukatar kafa gadon ƙira, ba a bukatar tururi don lanƙwasa katako. Faifan filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma daga wannan awo ne aka fitar da kakan wannan jirgi, Puddle Duck Racer mai ƙafa 8 da 4, wanda David Routh ya fito da shi a Amurka a 2003. Mai ƙafa 12 yana bukatar a haɗa faifai biyu a tsawo, ana ɗora wani yanki a kan mahaɗar a manne. A Filifin, inda Storer yake zaune, iyalai kan taru su haɗa gangar Oz Goose da yawa cikin 'yan kwanaki, sannan su yi tsere da su a tafkin Taal. Wannan shaida ce mai nauyi a wurina, domin ƙasa ce mai zafi, mutanen kuma ba ƙwararrun maƙera ba ne.

Goat Island Skiff shi ma ƙasansa a shimfiɗe yake, ba ya cikin masu wahala, amma gefunansa suna buɗewa sama suna kuma haɗuwa a tsini. Ma'anarsa kowane katako na ciki sai an fere shi a jirkice, kusurwar kuma tana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Kuskuren rabin inci a gefe ɗaya zai murɗe jirgin duka. Zai ci maka lokaci fiye da akwatin, ya ci katako fiye da shi, amma in ka gama za ka samu jirgi kyakkyawa wanda gangarsa ba ta wuce kusan kilo 60 ba, yana ɗaukar manya uku ko huɗu. Ba na raina kyau. Mutum zai shafe watanni yana shafa samfefa, yana da haƙƙin ya so abin da zai tsaya ya kalla.

Sikau na tsere kuwa, ban ba mafari shawararsa ba. Ana iya ƙera Fireball da filawud a gida, dubbai sun yi haka a Ingila da wasu ƙasashe, amma gangar ita ce ƙaramin ɓangaren kuɗin. Yana bukatar jigo, wato sandar da ke ɗauke da ƙyalle, na alminiyom da wayoyi ke riƙewa, ƙyallaye uku da ƙwararre ya ɗinka, ƙarafuna da ƙananan tayoyin jan igiya masu yawa, da mutum na biyu da zai rataya jikinsa a waya a wajen jirgi. In babu ƙungiyar masu irinsa kusa da kai da za ka yi tsere da su, ka sayi wahala ne kawai. Manyan sikau na Amurka yanzu da faiba ake zuba su a masana'anta, sun fita daga zancen tsakar gida.

Jigo da ƙyalle

Oz Goose da Goat Island Skiff iri ɗaya suke amfani da shi: ƙyalle guda mai kusurwa huɗu, sanda a sama, sanda a ƙasa, an rataye shi a gajeren jigon katako da ke tsaye da kansa ba waya. Tsohuwar dabara ce ta masunta, kuma ta dace da mai ƙira a gida ta kowace fuska. Jigon kana iya haɗa shi da kanka. In iska ta yi yawa kana iya sauke ƙyallen ka naɗe ƙasansa ka rage girmansa. Masu Puddle Duck da yawa da tamfol suke yanka ƙyallensu na farko, ba ya daɗewa a rana amma yana kai mutum ruwa. Sirrinsa guda ne: igiyar da ke jan sandar ƙasa zuwa ƙasa sai ta ɗaure tamau, in ta yi sako-sako jirgin ba zai hau iska ba.

Allon tsakiya, wato allon ƙasa guda da ke tsakiyar jirgi, da allon tuƙi su ne abin da mafari ke yi wa riƙon sakainar kashi, alhali su ne fukafukan jirgi a cikin ruwa. Allon da aka bari da kaifin kusurwa kamar yadda zarto ya yanke shi yana jan ruwa, jirgi ya dinga zamewa gefe. Sai an fere shi, gaba a dunƙule, baya a sirance, bisa awon da mai zane ya bayar. Kwana biyun da za ka ba wannan aiki sun fi sati guda na fenti amfani. Oz Goose da Goat Island Skiff dukansu allon tsakiyarsu zura shi ake yi ta sama, ba ya naɗewa in ya ci karo da wani abu. A dam ɗin da ruwa ya cinye itatuwa, kututture na nan a ɓoye, saboda haka a ƙarfafa akwatin allon sosai, a kuma san ruwan kafin a saki gudu.

Ranar kifewa

Duk ƙaramin jirgin iska zai kife wata rana. Abin dubawa shi ne me zai faru bayan nan. Oz Goose yana da rufaffun akwatunan iska a gefe biyu daga gaba har baya. In ya kwanta, yana yawo ne a kan akwatin gefe, cikin jirgin yana sama da ruwa, saboda haka in ka taka allon tsakiya ka miƙar da shi, yakan tashi da ruwa kaɗan a ciki. Goat Island Skiff buɗaɗɗe ne a tsakiya, akwatunan iskarsa a gaba suke da baya, yakan tashi da ruwa mai yawa, sai an yi kwarfa da bokiti kafin a ci gaba. Ga mai koyo, musamman mai ɗauko yara, wannan bambanci kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Sai dai jirgin da ke yawo sama-sama a kwance iska na iya tura shi fiye da gudun iyon mutum, don haka kada hannunka ya rabu da igiyar jirgin. Rigar kariya daga nutsewa dole ce ga kowa, ko ya iya ruwa ko bai iya ba. A ruwan dam na ƙasashenmu kuma akwai tsargiya, wanda ke yawan shiga ya riƙa zuwa gwaji.

Ka zana naka ko ka sayi zane?

Sauƙin siffar akwati yana jarabtar mutum ya ce ai ni ma zan zana. Lissafin farko ba shi da wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in murabba'in mita 3 na ƙasan jirgi ke taɓa ruwa, kowane kilo 30 zai nutsar da shi santimita ɗaya. Wahalar tana cikin lanƙwasar ƙasa. In ta yi yawa jirgin ba zai hau sulɓi ba, in ta yi kaɗan goshi zai riƙa tura ruwa baya kuma yana jan ruwa. Sannan tsakiyar ƙarfin ƙyalle sai ta daidaita da wurin allon tsakiya. Ta matsa baya jirgi ya dinga juyawa cikin iska, ta matsa gaba ya dinga guje mata, wanda ya fi haɗari. Waɗannan awo-awo an same su ne bayan an ƙera jirage da yawa an gyara. Kuɗin zanen da aka gwada ɗan ƙarami ne in aka auna shi da kuɗin katako da gam. Ka ƙera na farko bisa zanen wani ba tare da sauya komai ba, ka tuƙa shi shekara guda, sannan ka ɗauki fensir.

Kayan ƙera ganga ɗaya ne ga duka ukun. Filawud ɗin jirgi mafi sauƙin nauyi da itacen okume ake yin sa, wanda ke fitowa daga Gabon, faifai mai kaurin milimita 6 bai cika wuce kilo 10 ba. Wanda aka buga wa lambar BS 1088 shi ake nema. In bai samu ba, yanki guntu daga wanda ke kasuwa ka tafasa, ka shanya, ka sake tafasawa. In ɓawonsa ya rabu, na kabad ne, ba na ruwa ba. Ka kuma duba bakin faifan ko akwai ramuka a tsakiya. Gam ɗin efoksi ne ke haɗa komai yana kuma toshe katako daga ruwa, kuma awon haɗinsa sai yadda kamfaninsa ya rubuta. Zafi yana sa shi daskarewa da wuri, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa, da safar hannu. Rana tana cinye shi, dole a rufe shi da fenti, kuma farin fenti ya fi, don jirgi mai duhun launi a rana ko zama ba ya yiwuwa a kansa.

Wanda ruwansa a buɗe yake da igiya, ko yake son tafiya mai nisa da kaya da mutum uku, kuma hannunsa ya faɗa da aikin katako, ya ɗauki mai tsini, ba zai yi nadama ba. Wanda ke da ƙungiyar tsere a kusa ya sayi irin jirgin da suke tsere da shi, ko da tsoho ne. Wanda kuwa bai taɓa ƙera jirgi ba, bai taɓa tuƙa na iska ba, yana da kwantaccen ruwa da 'ya'yan da ke son shiga, ya fara da akwatin mai ƙafa 12. Mutum biyu za su iya ɗaga shi su ɗora a kan mota, kuma ranar farko a zaɓi safiya mai sanyin iska, a rage ƙyalle, a kife shi da gangan kusa da gaɓa a miƙar da shi sau biyu ko uku kafin a nufi tsakiya.